Allurar da ta daina rawa

Akwai wani mutum ana ce masa Matta, mutumin Bogoro, da ya zo Bauchi a shekarar 1959, lokacin da ake fasa dutse domin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa. Ya kama ɗaki a Ƙofar Wambai. Matarsa Paulina tana ƙauye tana duba gona.

Aikinsa kula da injin iska. Injin yana tara iska a cikin wani babban tanki na ƙarfe, daga nan mesa ta kai ta wurin masu huda dutse. A jikin tankin akwai agogo mai allura ɗaya da jan layi, shi ke nuna ƙarfin iskar da ke ciki. Matta ne ya ɗaura shi da hannunsa. A saman tankin kuma akwai bawul da ke yin atishawa, ya zubar da iska idan ta yi yawa.

Rumfar injin tana nesa da ramin dutse, ƙara kuma ba ta barin hira. Matta yakan wuni bai yi magana da kowa ba. Leburori sun sa masa suna Mai Gadin Allura.

"Matta, yaya amaryar taka? Ta motsa kuwa?" in ji su idan za su wuce.

Sai ya ɗaga musu hannu kawai.

Ranar wata Alhamis a 1960, saura kwana biyu a karɓi mulkin kai, heluma Babayo, shugaban leburori, ya tara ma'aikata ya ce duk wanda ke son hutun biki sai an gama tulin dutsen nan yau. Kowa ya duƙufa.

Da hantsi Matta ya lura da wani abu. Allurar tana zaune a kan tamanin, daidai inda ake so. Amma ba ta rawa. Wanda ya daɗe da inji ya san allura mai rai ba ta rabuwa da ɗan karkarwa. Ya ƙwanƙwasa gilashin da yatsa, ko gezau. Sai ya tuna tun safe bai ji atishawar bawul ba.

Ya kashe injin. Ya zare hannun da ake tayar da shi, ya zauna a kai.

Babayo ya iso yana huci, leburori na biye.

"Wa ya mutu?"

"Babu tukuna, heluma. Agogon ne ba ya faɗin gaskiya."

"Ga shi nan a kan tamanin! Ko makaho ya gani. Tashi ka ba ni hannun nan."

"Ba zan bayar ba."

"To ka kwashe komatsanka. Gobe ka kwana Bogoro."

Wani lebura, Abdulsalami, ya ce, "Kai ba ka da wanda za ka je biki da shi, shi ya sa kake so ka hana mu."

Maganar ta soki Matta, domin akwai gaskiya a rabinta. Ya ce, "Zan tafi. Amma ku bar ni in canza agogon tukuna."

Ya rufe ɗan famfon da ke ƙarƙashin agogon, ya kwance shi da sifana. Wuyansa ya toshe da tsatsa da baƙin mai. Ya ɗauko sabo daga akwati, ya naɗa zare a bakinsa, ya ɗaura, ya buɗe famfon a hankali.

Allurar ta yi tsalle, ta wuce jan layi, ta je ƙarshe ta jingina.

Leburori suka ja da baya. Matta ya hau kan tankin, ya tarar an ɗaure bawul da waya. Bai tambayi wanda ya ɗaure ba. Kowa ya ga Babayo yana kallon ƙasa. Shi ne ya sha cewa bawul ɗin nan ɓarnar iska yake yi.

Matta ya ce kowa ya matsa. Shi kaɗai ya tsaya, yana sakin iskar kaɗan-kaɗan, har allurar ta sauko. Ba wanda ya sake maganar kora. Ba kuma wanda ya ce masa sannu.

Ranar Asabar gari ya tafi biki. Matta ya tafi rumfarsa, ya zauna yana wanke tsohon agogon da kananzir, yana jin kiɗa daga can nesa.

Sai ga Babayo cikin babbar riga.

"Heluma, ba ka je ba?"

"Na je. Na ga Abdulsalami ɗauke da 'yarsa a wuya, na tuna saura kaɗan tankin nan ya fashe, na kasa tsayawa."

Ya tuɓe rigar, ya rataye ta a jikin rumfa, ya tsuguna kusa da Matta.

"Malam Matta, nuna mini yadda ake gane allura ta mutu."

Matta ya matsa masa, ya miƙa masa sifana.

Darasi: Kada ka raina wanda aikinsa zama ne da kallo, wataƙila shirunsa ne ke riƙe da ranka. In kuma kai ne ka ga haɗarin, ka tsaya a kan gaskiyarka ko da kai kaɗai ne. Ku tura wa wani, musamman mai gaggawa a wurin aiki.