Shamuwar Da Ta Sauka A Kan Tsamiya

Yaya, yau kwana arba'in. Inna ta wanke hularka ta shanya, ba wanda ya tambaye ta dalili. Zan rubuta abin nan kamar ga wani ya faru, don ta haka kawai zan iya.

Jama'ar wannan shafi, ku yi haƙuri da ni yau.

Akwai wani matashi a Makera mai suna Garba, direban Keke Napep. Yana da wa, Zakariyya'u, wanda ciwon ƙoda ya zaunar. Kafin ƙafafunsa su kumbura, kullum da la'asar Garba yakan sauke shi a wani ɗan lambun shaƙatawa da ke kan hanyarsa. Ba wani babban wuri ba ne. Bencuna ne na siminti, da mangwaro cike da jemagu, da tsamiya guda a can ƙarshe.

Nan Zakariyya'u yake zama da mai ban ruwan wurin, wani dattijo, Baba Benson. Su kalli kurege yana satar gyaɗa, su yi gardama kan ƙadangaren da ya fi girman kai.

"Wancan mai jan kan ciyaman ne," in ji Baba Benson. "Dubi yadda yake gyaɗa kai, bai yi aikin komai ba."

Amma abin da Zakariyya'u yake jira shamuwa ce. A Kakau suka tashi, kuma mahaifinsu ba ya taɓa irin shuka sai ya ga ta sauka. Duk shekara takan yi sheƙa a kan tsamiyar nan gab da damina.

Bana bai iya fita ba. Daga kan katifa ya ce, "Garba, ka riƙa leƙa mini. Ran da ta zo ka kai ni in gan ta. Sau ɗaya ma ya isa."

"To, Yaya."

Kai shi ba ƙaramin aiki ba ne. Sai an goya shi daga ɗaki zuwa bakin titi, a jera matasan kai a Keke, a bi ramuka a hankali yana nishi. Ga zafin bazara, ga zaryar asibiti wata biyar. Garba ya gaji, irin gajiyar da barci ba ya cirewa.

Kullum ya dawo, tambayar ɗaya ce. "Ta zo?"

"Ba ta zo ba."

Bai taɓa leƙawa ba.

Wata Litinin yana tsaye a go-silo kusa da lambun, ya ɗaga kai ya gan su a kan tsamiyar. Shamuwa guda biyu, baƙaƙe, cikinsu fari, ɗaya da kara a baki. Da yamma Zakariyya'u ya tambaya. Garba ya dubi kumburarrun ƙafafun, ya ji bayansa na ciwo tun kafin ya ɗauka. A ransa ya ce, bari Juma'a.

"Ba ta zo ba, Yaya."

"Ikon Allah. Bana ta makara." Ya juya fuska bango. "Ko an sare tsamiyar ne?"

Ranar Alhamis da hantsi Allah Ya karɓi abinsa.

Bayan sadakar bakwai, Garba ya shiga lambun. An yi ruwa, ƙasa tana ƙamshi, tururuwa sun jeru suna kwashe ƙwansu. Baba Benson ya yar da tiyo ya taho da sauri.

"Kai! Ina Malam Zakari? Baƙinsa sun zo fa! Sau biyu ina takawa Makera da wannan gwiwar tawa, ina tambayar gidan mai ciwon ƙafa. Ba wanda ya gane."

Ya zaro ƙaramar wayarsa ya nuna hoto. Dishi-dishi ne, reshe da wani baƙin ɗigo.

"Na ce ko ba zai iya zuwa ba, ya ga wannan."

Garba ya faɗa masa rasuwar. Dattijon ya cire hula, ya daɗe yana kallon sama. Sannan ya ce, "Amma dai ka gaya masa sun zo ko, ɗana?"

Garba ya juya yana kallon tsamiyar. Baba Benson ya dube shi, ya mayar da wayar aljihu, ya dafa kafaɗarsa. Bai sake tambaya ba.

Darasi: Idan mara lafiya ya roƙe ka ƙaramin abu, yi masa yau. Gajiyarka za ta wuce, shi ba lallai ya kai Juma'a ba. Ku tura wa duk wanda yake jinya, ku ce ya daure.

Yaya, Inna tana ta gaya wa masu zuwa gaisuwa cewa ban taɓa gajiya da kai ba. Ina zaune ina ji. Har yanzu ban faɗa wa kowa a gida ba.