Jakadiyar Sarkin Ƙasan Teku

Ga wata nan ta iso, ku gyara zama.

Ƙaguwa Tsigai ba ta mallaki komai ba sai baki da yunwa. Raminta na can gangare, ƙarƙashin wani lungun teku marar zurfi. A lungun nan rana kan shanye ruwa ta bar gishiri, ruwan ya yi nauyi ya nutse, ya bi ta ƙofar raminta da duk abin da ya kwaso. Kowa na wanka a wurin, amma ita kaɗai ta lura.

Sai ta yafa gansakuka, ta kifa ɓawon kunkuru a ka, ta sami Kada da Dorina suna shan hantsi.

Ta ce, "Ku durƙusa, manyan banza. Ni ce jakadiyar Sarkin Ƙasan Teku. Kullum a aika masa da kifi, ko ya janye ruwan nan ku kwana a taɓo."

Kada ya ce, "Ranki ya daɗe, wa zai kai masa?"

"Ruwa mana. Yarona ne, ni nake aikensa."

Kada ya saki kifi. Tsigai ta ɗaga hannu ta ce, "Gangara!" Ruwa kuwa ya ja shi ƙasa. Dorina, duk girman nan nata, sai ta durƙusa.

Da gari ya waye Tsigai ta dawo tana gyatsa. "Sarki ya ce na jiya ƙaya ta yi yawa, a kawo masu tsoka." Haka ta yi ta ci, har ɓawonta ya matse ta, Kada kuwa ya rame.

Ana nan damina ta sauka, kogi ya cika lungun da ruwan daɗi. Gishiri ya tsinke, ruwa ya daina nutsewa. Tsigai na rami tana sharar barci, ba ta da labari.

Da gari ya waye ta fito da taƙama. "Gangara!" Kifi ya zauna inda aka ajiye shi. "Na ce gangara!" Ko motsi.

Dorina ta hura hanci, gansakuka ta yi sama. Kada ya ce, "Ashe ke ce, 'yar ƙwal uba?"

Tsigai ta yi tsalle cikin ruwa don ya tsere da ita ƙasa, sai ta faɗa tim a gaban Kada. Ya cafke hannunta. Ta bar masa shi, ta ranta a na kare a karkace.

Daga bakin rami ta leƙo. "Riƙe shi, dama ya yi mini nauyi. Wani zai tsiro kafin rani."

Nan tatsuniya ta tsaya, sauran na bakin Kada.