Yaron da Yake Ɗaga Hannun Hagu

Akwai wata budurwa da take karatu a kwalejin horon malamai. Da ta kai shekararta ta ƙarshe, aka aike ta wata makarantar firamare a ƙauye domin ta gwada koyar da yara na gaske. Aka gaya mata cewa kafin ƙarshen zango wani malami zai zo daga kwaleji, ya zauna a bayan aji, ya ga koyarwarta, ya ba ta maki. In ya kayar da ita, sai ta maimaita shekara, ƙawayenta su karɓi takardar shaidarsu su bar ta a baya. Wannan magana ta tsaya mata a rai ƙwarai, gama ita mai gudun kunya ce.

Aka ba ta aji uku. Yara sun haura hamsin, bencin mutum uku an cusa biyar. Mai ajin wani dattijo ne, Malam Kefas, wanda alli ya riga ya cinye masa yatsu. Ba mugun mutum ba ne, kada ku ɗauke shi haka. Gajiyar shekaru ce kawai, irin wadda takan sa mutum ya nemi gajeriyar hanya. Yara suna kiransa Babban Malam, ita kuwa suka laƙaba mata Ƙaramar Malama.

Da dattijon ya ga damuwa a fuskarta, sai ya ce mata, "'Yata, kwantar da hankalinki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ajin nan nawa tuntuni yake a shirye, tsaya ki gani."

Ya juya wajen yara, ya jefa musu tambayar lissafi. Kafin ya rufe baki, hannuwa sun tashi sama kamar karan dawa a gona, babu yaro ko ɗaya da ya bar nasa a ƙasa. Ƙaramar Malama ta riƙe baki. Dattijon ya yi dariya, ya rage murya, ya ce, "Duba da kyau. Wanda ya sani, dama yake ɗagawa. Wanda bai sani ba, hagu. Ke dai ki kira na dama. Baƙo zai ga aji duka hannu a sama, ya rubuta miki maki mai kyau, ya hau babur ɗinsa ya tafi. Kowa ya huta."

Ta yi masa godiya. Gaskiyar magana, ta ji kamar an sauke mata kaya daga ka.

Kashegari ta fara gwadawa da kanta, abin kuma ya tafi sumul. Amma da take koyon bambance dama da hagu a cikin taron hannuwan nan, sai idonta ya riƙa komawa kan wani yaro a benci na ƙarshe, ana ce da shi Jatau. Shi kullum hagu. Ba ma wannan ba, tun ba ta gama tambaya ba ya riga ya ɗaga, a miƙe tsaf, ya fi na kowa tsawo, yana murmushi kamar wanda ya iya aikinsa.

Da aka fita hutun ƙarfe tara, yara suka watse wajen masu ƙosai, ta kira shi.

"Jatau, me ya sa kake ɗaga hannu tun ban gama tambaya ba?"

Ya ce, "Ai ni na hagu ne, Malama. Ba sai na jira ba."

Bai faɗa da baƙin ciki ba. Ya faɗa ne kamar yadda yaro yakan faɗi sunan unguwarsu, ya kuma ruga wajen ƙosai. Wannan ne ya fi yi mata zafi. Mu da muka tashi ana kwaɓe mana hannu in mun miƙa wa babba abu da hagu, mun san matsayin hannun nan a wurinmu. Ga yaro ɗan ƙanƙani ya ɗauke shi ya mai da shi sunansa, ya ma daina sauraron tambaya, gama ya san ba shi ake nufi ba.

A hanyar komawa masaukinta da rana ta yi ta juya zancen, har ta ga wani abu. Hannuwan nan ba ƙarya suke yi ba. Duk lokacin da ta yi tambaya, yara suna nuna mata a fili wanda ya gane da wanda bai gane ba. Babban Malam ya ba ta fitila mai kyau, sai dai ya koya mata ta haska inda za ta kauce wa, ba inda za ta nufa ba.

Sai ta sake tsarin ajin. Takan yi bayani ga kowa, ta yi tambaya ɗaya, ta dubi hannuwa, sa'an nan ta raba aiki. Masu dama takan rubuta musu tambayoyi masu ɗan tauri a gefen allo. A cikinsu akwai wata yarinya mai kaifin kai, Fibi, wadda takan gama kafin kowa ta shiga mintsinin na kusa da ita saboda zaman banza. Aka ba ta aikin ƙirƙiro tambayoyi wa rukuninsu, mintsini ya ƙare. Waɗanda hannunsu yakan yi rawa a rabin hanya, ba su tabbata ba, takan haɗa su biyu-biyu su taimaki juna. Masu hagu kuwa ta shimfiɗa musu tabarma a bayan aji, ta zauna tare da su a ƙasa, ta zube musu 'ya'yan tsamiya. A nan ta gano cewa su ma ba ɗaya suke ba. Wani sai ya taɓa abu da hannu yake ganewa. Wata sai ta zana a ƙasa. Wata kuma babu abin da yake damun kanta, allon ne ba ta hangowa, da aka dawo da ita gaba sai ga ta tana ɗaga dama.

Ta kuma ce musu, "Hannun yau ba shi ne na gobe ba. Kowa ya saurari tambaya tukuna." Wata rana Fibi da kanta ta ɗaga hagu, ta je ta zauna a tabarma tana cika tana batsewa. An ɗan yi mata dariya, ba zan ɓoye muku ba, amma daga ranar tabarma ta daina zama wurin kunya.

Aikin ba sauƙi. Aji ya cika da hayaniya, muryarta ta dishe, zanenta kullum da ƙura. Malam Kefas yakan leƙo ya girgiza kai ya ce, "Wannan aji ne ko kasuwa?" Ya kuma gargaɗe ta, "Yi yadda kike so a sauran ranaku, 'yata. Amma ranar baƙo, dama kawai." Jatau kuwa bai zama gwani ba. A hankali yake tafiya, yau ya kama, gobe ya saki.

Ranar ta zo. Baƙon ya shigo, ya zauna a bayan aji da takardarsa. Ƙaramar Malama ta soma darasin rabawa. Ta yi tambaya ta fari, ta kira mai dama, amsa ta fito daidai. Ta yi ta biyu, haka. Malam Kefas yana tsaye a bakin taga yana gyaɗa kai.

Sai ta ce, "Goma sha biyu, a raba wa mutum uku."

Hannuwa suka tashi. Na Jatau ne ya zo ƙarshe. Wannan karon ya jira ta gama, leɓunansa suna motsi, ya yi ƙoƙari, abin ya kuɓuce masa, sa'an nan ya ɗaga hagu yana kallonta. Ta san in ta tsallake shi babu wanda zai ga laifinta. Amma ta san abin da yaron zai koya: cewa tabarma da 'ya'yan tsamiya na ranar da babu baƙo ne, in manya sun zo kuwa, shi abin ɓoyewa ne. Ta ji tsoro ƙwarai, amma ta kira sunansa.

Jatau ya zaci kuskure ta yi, ya so ya cece ta. Ya ce da raɗa, irin raɗar yara da ake ji har waje, "Malama, hagu ne."

Ta ce, "Na gani, Jatau. Shi ya sa na kira ka. Taho da 'ya'yan tsamiyarka."

Ta ba masu dama aikinsu, ta haɗa na tsakiya biyu-biyu, ta tara masu hagu kusa, ta tsai da uku daga cikinsu, har da wata Saratu, suka buɗe tafin hannu. Jatau ya ƙirga goma sha biyu, ya fara rabo, ɗaya naka, ɗaya naki, ɗaya naka. Ƙwaya ɗaya ta faɗi ta gangara ƙarƙashin benci, bai lura ba. Da ya gama ya duba, biyu suna da huɗu, ɗaya tana da uku. Ya ɓata fuska ya ce, "An cuci Saratu." Ya durƙusa ya shiga nema. Lokaci yana ta tafiya, Ƙaramar Malama tana ganin rabin darasinta yana narkewa, amma ba ta gaya masa amsar ba. Ya samo ƙwayar, ya sa a hannun Saratu, ya sake dubawa. Aka buga ƙararrawa daidai lokacin da ya ɗaga kai ya ce, "Huɗu-huɗu, Malama."

Bayan an tashi, baƙon ya ce mata, "Ba ki gama darasinki ba, dole in rage miki maki."

Ta ce, "Haka ne, Malam."

Ya ce, "Zancen hagu da dama kuwa, mun daɗe da saninsa. Na shiga azuzuwa da yawa. Yau ne na fara ganin an kira hagu."

Bai kayar da ita ba, bai kuma ba ta babban makin da ta yi ta mafarki ba. Ta ji zafin hakan, ta ɗan share hawaye. Sa'an nan ta nemi Malam Kefas, ta same shi zaune shi kaɗai a cikin aji. Ta rusuna ta ce, "Baba, ka gafarce ni. Ban yi don in tona maka asiri ba."

Dattijon ya riƙa juya wata ƙwayar tsamiya a tafin hannunsa. Can ya ce, "In za ki tafi, ki bar mini tabarmar."

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: ajin nan mu ne. Ranar Lahadi dukanmu muna ɗaga hannu. Muna rera waƙa da murya ɗaya, muna amsa Amin tare, a bakin ƙofa kowa ya ce lafiya lau. Baƙo ya shigo sai ya ce, kai, ikilisiyar nan kowa ya gane. Amma Ubangiji yana ganin wane hannu ne kowa ya ɗaga. Ya san mai shakka, ya san wadda addu'a ta gagare ta, ya san wanda yake buɗe baki a waƙa amma zuciyarsa ta yi nisa.

Dabarar Babban Malam ita ce ta mutane: a nuna masu ƙarfi, a ɓoye raunana, domin a yabe mu. Ubangijinmu ba haka yake yi ba. Ya sauko ya zauna a tabarma tare da mu. Ba ya kuma ciyar da kowa da ludayi ɗaya, gama jariri nono yake bukata, manomi kuwa tuwo. Wani yakan koyar da shi ta wurin wa'azi, wani ta wurin jira, wani sai ya taɓa da hannunsa.

Ku iyaye da ku malaman Lahadi, ku duba 'ya'yanku ɗaya-ɗaya. Mai sauri ku ƙara masa kaya, in ba haka ba zai koma mintsini. Mai nawa ku zauna da shi, kada ku yi masa aikin, kada kuma ku tura shi bayan ɗaki in baƙi sun zo. Zai ci muku lokaci, wata rana har ya rage muku yabo a idon mutane. Ku yarda a rage. Ku masu dama kuma, kada ku yi fahariya, gama tabarma tana jiran kowa wata rana.

Kai kuma da ka riga ka raɗa wa kanka suna na hagu, ka ce ni dai ba zan taɓa ganewa ba, ni ba a kirana, har ka daina sauraro, da kai nake. Saurari tambayar tukuna. In ka yi ƙoƙari abin ya kuɓuce maka, kada ka ɗaga dama don mutane su gani. Ɗaga hagun naka sama sosai. Sa'ad da ka ji sunanka, kada ka ce kuskure aka yi. Ya gani, shi ya sa yake kiranka.