Takwarar 'Yar Dakta Tanimu

Ku gyara zama, yau da shari'a na zo muku, kuma ba ni zan yanke ta ba.

Akwai wani ɗan Bakori ana ce masa Tanimu, ya tafi ƙasar Turawa karatu a kan wuta-wuta, ciyawar nan mai shanye dawa tun tana tsaye. Shekara bakwai ya yi har ya zama Dakta, amma gangar jikinsa ce kawai a can. Ga ɗaki mai ɗumi, ga wuta ba ta ɗaukewa, shi kuwa bawan Allah ba abin da yake kewa sai ƙamshin ƙasa ranar ruwan farko da hayaniyar masu rake a bakin tasha. Ya nemi aikin koyarwa a jami'a ta fi talatin. Guda ɗaya ce ta amsa, a wata ƙasa da ta fi wannan sanyi, aka ba shi wata biyu ya sa hannu. Matarsa Saratu na da ciki, shi kuma burinsa a yi sunan nan a gida cikin dangi.

Yayarsa Lantana daddawa take sayarwa, tana ƙunshewa a tsohuwar jarida. Ba ta yi boko ba, amma ran nan ta ga hoton zangarniyar dawa a wani shafi, sai ta ware shi. Ta ƙunshe daddawa a ciki, ta ba wani matafiyi mai zuwa ƙasar da Tanimu yake, da saƙo: "Ka ce masa kada ya yar da takardar. Na ga dawa a jiki, na san tasa ce." Da ƙunshin ya isa, Tanimu ya shaƙi warin gida har ya yi ƙwalla. Ya miƙar da takardar, sai ga sanarwar neman malamin aikin gona a wata jami'a, tafiyar awa biyu daga Bakori. Saura kwana biyar a rufe.

Sharaɗin kuwa irin namu ne: kwafi goma sha biyar, a kai hannu da hannu, a haɗa da shaidar gama firamare. Tasa gara ta cinye tun yana sakandare. Ya kira Malama Kande, tsohuwar shugabar makarantarsu, wadda ba ta taɓa yar da takarda ba a rayuwarta. Ta kwance adakarta, ta zaro kwafin da ta adana shekara ashirin da biyar. Ta haɗa da sauran takardun da ya turo mata, ta hau mota da ciwon gwiwarta, ta isa ranar Juma'a, ranar rufewa, magatakarda na jan ƙofa zai tafi masallaci. Ta dube shi da kyau ta ce, "Ba Garzali ba ne na aji uku, mai kukan allura? Buɗe mini." Ya buɗe yana gaisuwa har ƙasa.

A can kuma Turai akwai Hajiya Dudu, tsohuwa 'yar Maraɗi da ke zaune wurin ɗanta a bene ɗaya da su Tanimu. Duk Lahadi takan yi tuwo miyar kuka, amma ba ta zuba masa sai ya faɗa mata abin da ya karanta a makon, da Hausa tsantsa. In ya sako Turanci sai ta rufe kwano ta ce, "Ban ji ba, yaro. Sake." Shekara uku tana ba shi wannan wahala, yana mita yana ci.

Aka kira shi ganawa, ya zo gida. Su shida ne masu nema, kowa da jakar takardu. Sai shugaban masu tantancewa ya shigo da wani dattijon manomi, ya ce kowa ya gaya wa baban nan yadda zai rabu da wuta-wuta. Biyar suka yi ta zuba Turanci, dattijo na gyangyaɗi. Tanimu ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambayi gona da iyali, sannan ya ce, "Baba, a tuge ta kafin ta yi fure, a ƙara taki, baɗi kuma a sa waken soya a wurin." Dattijo ya wartsake ya ce, "Wannan ku bar mana shi."

Aka bar musu shi. Saratu ta iso da tsohon ciki, ba a yi wata biyu ba ta haifi mace. Murna a gidan nan ba a magana. Tanimu ya rantse yarinyar za ta ci sunan wadda ta dawo da shi gida, sai da ya gama rantsuwar ya tuna su uku ne. Ga rago a ɗaure, jibi suna. Lantana na dakan fura, Malama Kande ta iso da turmin atamfa, Hajiya Dudu ta sa ɗanta ya yanko mata tikiti. Kowacce ka tambaya sai ta ce ita don Allah ta yi, amma kowacce ta riga ta fara kiran jaririya takwara.

To, wadda ta gano ƙofar, da wadda ta hana a rufe ta, da wadda ta koya masa abin da zai faɗa in ya shiga, sunan wa za a raɗa wa yarinyar nan?