Yadda Jiki Ya Daina Neman Izini

Dalilin da ya sa zufa ba ta neman izinin kowa, yara, wani maƙeri ne mai suna Jatau.

A zamanin da, jiki yana da ladabi. In zafi ya yi yawa sai ya raɗa wa mai shi, "In zubo ruwa?" In sanyi ya shiga ƙashi, sai ya tambaya ko ya kaɗa mutum ya ji ɗumi. Da an ce to, jiki ya yi aikinsa, a zauna lafiya.

Shi kuwa Jatau cika baki ya yi masa yawa. Duk inda ya zauna sai ya ce shi da wuta uwarsu ɗaya. Wata ranar kasuwa 'yan mata suka tsaya kallonsa a maƙera, ga rana ta take, ga garwashi ya yi jajur. Jikinsa ya raɗa masa cewa ciki fa ya fara dahuwa. Jatau ya saci kallon 'yan matan, ya ce a bari. Jiki ya sake roƙo.

"Rufe mini baki," in ji Jatau. "So kake a ce wuta ta fi ƙarfina?"

Bai ajiye guduma ba sai da ya kife cikin toka. Matarsa Tabawa ce ta zo da tulu ta juye masa. Da ya farfaɗo, ya ce barci ne ya sace shi.

"Haka ne, maigida," in ji Tabawa. "Har da harshe a waje."

Da damina kuma ruwa ya dake shi a hanyar gidan surukai. Ya isa sharkaf. Jiki ya nemi izinin karkarwa, ya hana, wai kada surukinsa ya raina shi. Yana durƙushe yana gaisuwa ya sandare. A durƙushen aka ɗauke shi, aka girke kusa da murhu kamar tukunya.

Nan jiki ya ƙosa. Ya ce mutumin nan zai kashe su su biyu don kawai a yabe shi. Ya kai kukansa wurin sauran jikunan garin, ashe kowanne da irin nasa Jatau. Suka yanke shawara: zafi ya hau, a zubo ruwa, in ya sauka a tsayar. Sanyi ya shigo, a kaɗa mutum har ya ɗumama. Mai jiki kuwa ba a ƙara tambayarsa.

Shi ya sa har yau za ku ga babban mutum cikin babbar riga yana rantsuwa babu abin da ya dame shi, zufa na ɗiga daga haɓarsa.