Saniyar da ta Daina Tuƙa

Akwai wani mai kanti da ake kira Falalu, a wani ƙauye na bakin kogi, kudu da Mai Wurno. Labarinsa ya fara ranar Alhamis, 13 ga Janairu, 2022, da ƙarfe goma da kwata na safe.

A wannan lokacin ne mota ta sauke masa buhu biyu na leda daga Wad Madani, abin da mutanen nan suke kira kis. Ba irin na kowa ba ne. Shuɗi ne garau, kuma a jikin kowanne an buga sunansa da farin rubutu.

Yana cikin shafa su sai ga Gwaggo Habi, ƙanwar mahaifinsa, da guffa shida a kafaɗa. Guffa ita ce jakar kaba da iyayenmu suke zuwa kasuwa da ita, kuma Gwaggo Habi kaɗai ta rage mai saƙa ta a ƙauyen.

"Ɗan nan, rataya mini su a ƙofar dukkan, kantin nan naka, mai so shi gani."

Falalu ya yi dariya. "Haba Gwaggo, wa ke yawo da kaba yanzu? Dubi wannan. Ko iska ta ɗauka, sunana take kaiwa har birnin Sinja."

"Iskar garin nan ban taɓa ganin ta kai komi Sinja ba," in ji ta. "Bayan kantinka take aje shi."

Ta mai da guffarta kafaɗa, ta wuce.

Daga ranar Falalu ya saki hannu. Gishiri kis ɗinsa daban, mai daban, sukari daban. Ko ashana mutum ya saya, a shuɗin kis zai tafi da ita. Wanda ya juye kayansa a gida sai ya yar, iska kuwa ta tattaro, ta rataye a ƙayar bagaruwar da ke bayan kantin. Da la'asar, in rana ta sauko, bishiyar takan yi kamar ta yi fure, tana motsi a hankali. Falalu yakan tsaya ya daɗe yana kallo.

A gindin wannan bagaruwa yake ɗaure saniyarsa, fara sol, mai suna 'Yar Sakkwato. A gidansu ana cewa kakanninta da ƙafa suka zo daga yamma tare da kakannin mutane, rijiya bayan rijiya, har suka ga kogin Nilu. Babu mai iya tabbatar da haka, amma Falalu ya yarda. Ita kaɗai ta rage a jinin. In ba ta haihu ba, zuri'ar ta ƙare.

A watan nan na Janairu ya kai ta wurin bijimin maƙwabcinsa Hashim, ya dawo yana lissafin wata tara.

Rani ya yi tsanani, ciyawa ta yi wuya. Amma cikin saniyar sai girma yake. Falalu ya kira 'yarsa Mu'minat ya ɗora hannunta a kai.

"Abin da ke ciki naki ne. In mace ce, ke za ki raɗa mata suna."

Da zafin rana, in ya kishingiɗa a kanti, mafarki ɗaya yake yi. Yakan ga farar maraƙa tana tafe daga yamma a kan doguwar hanya, shuɗin fure yana zuba a kanta, ita kuwa ba ta taɓa isowa.

Wata safiya cikin damina Gwaggo Habi ta tsaya gaban saniyar, tana dubanta.

"Falalu, yaushe rabonka da ka ga tana tuƙa?"

"Masu ciki haka suke, Gwaggo."

"Na raini shanu kafin a haife ka. Ciki gaba, haƙarƙari waje, baki a tsaye. Ka kira likitan dabbobi daga Sinja."

"Ma'alesh, yi haƙuri, Gwaggo. Ke dai saƙa kika sani."

Washegari, da kowace safiya bayanta, takan zo da sanda ta kakkaɓe abin da hannunta ya kai a bishiyar. Yamma na yi, iska ta mai da wasu.

Wata tara ya cika, na goma ya wuce. Ranar Litinin, 21 ga Nuwamba, bayan sallar asuba, 'Yar Sakkwato ta kwanta ta kasa tashi. Gado mahauci ya zo ya duba idonta.

"Ya zol, bawan Allah, in ba a yanka yanzu ba, mushe za ta zama."

Falalu ya juya baya. "Ka yi a hankali da ɗan cikin."

Da aka feɗe, babu ɗa. Tumbinta ne cike da wani dunƙule mai tauri, wanda sai da mutum biyu suka ɗaga. Kis ne da ta yi ta lasa saboda ɗanɗanon gishiri da mai, tana haɗiyewa, ya murɗe ya cure. Gado ya zaro guda ya ɗauraye a ruwa. Shuɗin bai koɗe ba, farin rubutun ma yana nan.

Mu'minat ta karanta a hankali: "Falalu."

Bagaruwar tana ta motsi a kansu.

Da hantsi Falalu ya isa ƙofar Gwaggo Habi, ya durƙusa.

"Guffan nan shida, suna nan?"

"Sun zama talatin da ɗaya. Ban daina ba."

"Ki ba ni duka. Kuma ki koya wa Mu'minat."

Yau guffa ce a ƙofar kantin. Mai sayen mai yakan zo da kwalbarsa, mai sayen sukari da kwanonsa. An kwana uku ana tsince ƙayar bagaruwar kafin ta koma bishiya.

Waɗanda suka rage a gindinta su ne: Gwaggo Habi da damin kabarta; Mu'minat, wadda har yanzu bakin guffarta yake karkacewa; Falalu, wanda ya daina barcin rana; da turke, da igiya, waɗanda ya hana kowa ya cire.

Darasi: Ledar da ka yar ba ta tafiya ko'ina, tana nan tana jiran bakin dabbarka ko magudanar gonarka. Ka fita da jakarka, ka ƙi ledar da ba ka bukata, kuma kada girman kai ya hana ka sauraron wanda ya riga ka gani. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu kanti da masu dabba a ɗaure.