Ranar da Aka Rage wa Damisa Ƙarfi

Badaru matashin tela ne a kasuwar Bodinga. Hannunsa yana da kyau a kan keken ɗinki, ba ya kuma saɓa alkawarin ɗinki. Aibinsa guda ne: idan ya yi nasara a kan abu, ba ya tsayawa ya tambayi kansa daga ina nasarar ta fito. Sai ya ɗauka daga gare shi ne kurum.

Bayan la'asar, idan ya rufe shago, yakan tafi gidan gem na Malam Sodangi, wani dattijo mai sanyin hali da ya ajiye talabijin da na'urar wasa don matasan unguwa. Wasan tseren motoci shi ne ya fi tara jama'a a wurin. A cikin motocin wasan akwai wata baƙa mai ratsin ɗorawa wadda matasa suka laƙaba wa suna Damisa. Ta fi sauran gudu, kuma tayoyinta na kama titi ta yadda ko an shiga kwana ba a taka birki ba, ba ta zamewa. Badaru ne ya fara gano haka. Da yake al'adar wurin ita ce wanda ya ci shi ke fara zaɓen mota, Damisa ta zama tasa shi kaɗai. Kullum da ita yake ci, kullum kuma shi ke fara zaɓe.

Abokinsa na ƙuruciya, Maniru, manomin albasa ne. Shi tunda ba ya samun Damisa, sai ya dinga ɗaukar duk motar da ta rage, ya shiga wurin saiti ya sassauta taya, ya matse birki, ya gyara giya, ya gwada, ya sake gyarawa. Kusan kullum shi ke zuwa na biyu. Badaru yakan yi masa dariya a gaban mutane.

"Maniru, kai makaniki na, ba direba ba. Ka yi ta kwance-kwancenka, mu munka san hanya."

Maniru sai ya yi murmushi, ya ci gaba da abin da yake yi.

Ana nan sai matasan Shagari suka aiko da gayyata. Za a yi gasar wannan wasa a Sakkwato, kuma mutum ɗaya aka yarda ya wakilci garuruwan biyu. Don haka kowane gari zai fitar da gwaninsa, su kara a Shagari. A Bodinga ba a yi wata gardama ba, aka ce Badaru.

Kafin ranar ta zo, wani abu ya faru. Masu ƙera wasan sukan daidaita ƙarfin motoci lokaci zuwa lokaci, don kada wata ta fi sauran nesa ba kusa ba. Wata rana Malam Sodangi ya kunna na'ura, sai sabon gyaran ya sauka. An ƙara wa Damisa nauyi, an rage mata kamun taya, an kuma ƙara wa wasu ƙananan motoci ƙarfi. Maniru ya gwada Damisa, tun a kwanar farko ya ji bambanci. Bai yi ƙasa a gwiwa ba, ya je har shagon abokinsa ya same shi yana ɗinka wuyan riga.

"Badaru, an taɓa Damisa. Yanzu in ba ka taka birki ba, titi take bari. Ka zo yau mu zauna, in nuna ma abin da na gani."

Badaru bai tsayar da keke ba. "Mota sunka taɓa, ba hannuna ba."

"To ko gwadawa ka yi."

"Ina da ɗinkin biki. Kuma wanda ya iya ba ya bita."

Da Malam Sodangi ya ji haka, sai ya kira su biyun. Ya ce, "Badaru ɗana, tunda wasan ya canza, mi zai hana ku sake karawa da Maniru? Wanda duk ya ci, shi za mu kai."

Fuskar Badaru ta canza. "Baba, ai na san inda zancen nan ya fito. Tun muna yara Maniru ke bayana, yanzu ya ga ƙofa."

Maniru ya miƙe tsaye. Sannan ya ce, "Baba, a bar mashi. Ban zo neman wurin kowa ba." Ya ɗauki hularsa ya fita.

Duk da haka, ranar karawa Maniru bai ƙi zuwa ba. Ya bi ayarin babura har Shagari, ya tsaya can baya. An shirya wasan a wata rumfa kusa da kasuwa, jama'a sun cika ta. Gwanin Shagari wani siririn saurayi ne daga Lambara, mai suna Bashar. Ya gaisa da kowa cikin ladabi, ya bar wa baƙo zaɓen farko. Badaru ya ɗauki Damisa. Bashar ya ɗauki wata ƙaramar farar mota wadda a da ba wanda ke kallonta. Aka ce tsere uku za a yi.

A miƙaƙƙen titi Damisa ta wuce kamar yadda ta saba, mutanen Bodinga suka fara tafi. Da aka iso kwana, Badaru ya danne totur kamar kullum. Motar ta ƙi juyawa, ta zame ta daki shinge. Kafin ya fito da ita, farar motar ta shige. Ya sake kamo ta, ya sake zamewa a kwana ta gaba. Haka aka gama tseren farko.

Bashar ne ya ci. Badaru ya waiga yana neman wanda zai ce masa wani abu, sai ya ga Maniru ya ratso jama'a ya durƙusa kusa da shi.

"In ka yarda, ba ni in gyara mata zama."

Badaru ya miƙa masa rimot ba tare da ya dube shi ba. Maniru ya sassauta taya, ya ƙara wa birki kamu, ya gajarta giya. Ya ce a hankali, "Yanzu za ta bi ka. Amma ka taka birki kahin kwana, ba cikinta ba."

Motar kam ta gyaru. Sai dai Badaru bai taɓa koyon birki ba, domin Damisa ba ta taɓa tilasta masa ba. Wani wurin ya taka da wuri har ya kusa tsayawa, wani wurin ya makara. Bashar kuwa yana tafiya sumul, ba gaggawa. Shi ya ci na biyun ma, don haka ba a kai ga tsere na uku ba.

Bashar ya miƙo masa hannu, sannan ya juya ga Maniru. "Wanga saiti da ka yi, da kai ka riƙa ta, da ban sha da daɗi ba." Maganar ta shiga kunnen kowa. Mutanen Bodinga suka dubi juna. Aka kama hanyar gida.

Badaru ya daɗe bai leƙa gidan gem ba. Da ya gaji da zaman shago, wata safiya ya tafi fadama, ya iske Maniru yana ban ruwa. Ya tsaya a bakin kunya, ya rasa ta inda zai fara.

"Na yi ma ƙazafi gaban Baba Sodangi, na kuma hana garinmu zuwa Sakkwato. Ka yahe mani."

Maniru ya karkatar da ruwa zuwa wani fangali, sannan ya ɗago. "Ya wuce. Amma gasar bana ta tahi, ba ta dawowa."

"Na sani. Za ka koya mani?"

"Zan koya ma. Sai dai da motar da ta hi kowace rauni za ka hwara, kuma yara za su yi ta wuce ka suna dariya."

Badaru ya tuɓe takalmansa. Sannan ya naɗe ƙafar wandonsa, ya karɓi fartanya. "To. Mu gama ban ruwan tukuna."

Darasin wannan labari shi ne, idan kana samun nasara, ka bincika da gaskiya wane kaso ne naka, wane ne kuma na abin da aka ɗora ka a kai. Kayan aiki, matsayi da dama duk suna iya canzawa ba tare da an nemi shawararka ba, kuma ranar da suka canza, abin da ka koya da hannunka ne kaɗai zai rage maka. Kada kuma girman kai ya sa ka ɗauki mai yi maka gargaɗi a matsayin mai hassada, domin asarar da za ta biyo baya ba kai kaɗai za ta shafa ba.